Ruwan Da Ya Fita Daga Gidanka, Gidan Wa Ya Shiga?

(Jawabin da aka gabatar a taron 'yan ƙungiya na gabanin faɗuwar damina a Fadikpe, Minna. Mun buga shi kamar yadda aka yi shi, sai ɗan gyara nan da can.)

 

An ce in yi magana a kan ruwan sama da sababbin gine-ginen da ake ta yi kewaye da mu. Na san da yawanku da suka ji haka sun ɗauka zancen ambaliya za a yi. To, ambaliya tana ciki, kuma ba abin wasa ba ce, musamman ga wanda ya tuna abin da ya sami 'yan'uwanmu na Unguwar Hausawa da Tiffin Maza a Mokwa ranar 29 ga Mayun 2025, inda aka rasa rayuka sama da 150. Amma ita ambaliya takan zo bana ta yi shekaru ba ta dawo ba, in ta zo kuma kowa ya gani, har 'yan jarida su iso da na'urorinsu. Abin da nake so mu duba yau shi ne ruwan nan da ke wucewa ta ƙofar gidajenmu duk lokacin da aka yi ruwan sama, wanda bai kai ya rushe katanga ba, amma yana ɗauke da kayan da in da za a zube mana su a faranti mu gani, da babu wanda zai ƙara barin ɗansa ya taka shi.

Bari mu fara da yadda garin nan yake zaune, don a nan maganar take. Minna a gindin duwatsu take. Duwatsun suna gabas da arewa maso gabas, ƙasa kuwa ta gangaro ne zuwa kudu maso yamma, wato wajenmu ke nan, mu da mutanen Kpakungu da Barkin Sale da Soje. Saboda haka ruwan da ya sauka a kan Dutsen Paida, da wanda ya sauka a Bosso da Dutsen Kura da tsakiyar gari, ba ya da wata hanya sai ya nemi gangare, ya faɗa Rafin Suka da sauran ƙoramu, su kuma su miƙa shi Kogin Chanchaga. Kakanninmu da suka biyo hanyar jirgi, wadda ta taso daga Baro ta ratsa nan ta isa Kano a 1911, sun tarar da 'yan'uwanmu Gwarawa masu ƙasa suna noman doya da dawa a wuraren da yau duk gidaje ne. A wancan zamani in an yi ruwa gona ce take shanye mafi yawansa, abin da ya rage ya gangaro a hankali ta cikin ciyawa.

Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 aka mai da Minna hedikwata, sai gari ya buɗe. An kira kamfanin Max Lock ya zana tsarin yadda garin zai bunƙasa daga 1979 zuwa 2000, amma gini ya riga tsari gudu. Dattawan da ke nan ba su manta da ambaliyar 1986 ba. Bayanta ne, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, kamfanin Julius Berger ya gina manyan magudanan nan na kankare da suka ratsa gari. Aiki ne mai kyau, ya kuma ceci gidaje da yawa, babu mai musun wannan. Sai dai akwai abin da ya kamata mu gane game da kowace irin magudana, babba ko ƙarama: ba ta rage ruwa ko da cokali ɗaya, ba ta kuma wanke shi. Aikinta kawai ta ɗauke shi daga ƙofar wani ta kai shi ƙofar wani da sauri. Wanda ke sama ya huta, wanda ke inda kankare ya ƙare shi ke karɓar baƙo. Kuma tun daga wancan lokaci gari bai tsaya ba. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Chanchaga ta haura mutum 200,000, ta Bosso kuma ta kusa 150,000, ga shi tun 2023 an shiga manyan ayyukan faɗaɗa tituna a cikin gari.

Yanzu ina so mu yi ɗan lissafi, kada kowa ya tsorata, lissafin 'yan ga-ruwa ne. Fuloti mai ƙafa 50 da 100, shi ne kamar mita 15 da 30, wato murabba'in mita 450. In aka yi ruwa na milimita 25, wato inci ɗaya, irin wanda akan yi a dare ɗaya cikin watan Agusta ba wanda ya ce komai, ruwan da ya sauka a kan fulotin nan ya kai lita 11,250. Jarka 450 ke nan mai cin lita 25. In kura tana ɗaukar jarka 10, kura 45. Fuloti ɗaya fa, dare ɗaya. Lokacin da wurin yake gona, ƙasa ce ke shan kaso mafi yawa. Yau mai shi ya rufa kwano, ya shafe tsakar gida da siminti ko ya shimfiɗa intalok tun daga bakin ɗaki har bakin get, sa'an nan ya huda katanga ya sa bututu. Kusan duk kurar nan 45 waje za su fito. To, ku lissafa rukunin gidaje 200 a saman unguwa, ku ga kura nawa aka turo mana kafin asuba. Mu kuwa a Minna ruwan da muke samu a shekara yakan kai milimita 1,200 ko fiye, daga Afrilu zuwa Oktoba.

Wannan yawan ruwan ke nan. Saura abin da ya ɗauko.

Tun kafin a tare a sabon gini ɓarna take farawa. Katafila takan zo ta kankare fili gaba ɗaya, ba ciyawa ba itace, a bar jar ƙasa tsirara, tifa ta juye yashi da tsakuwa a bakin hanya, wani lokaci ma a cikin kwata. Ruwan farko da ya zo sai ya kwashe. Jan ruwan nan da kuke gani kamar kunun kanwa, ƙasar filin wani ce take tafiya. In ta iso inda gangare ya ragu sai ta kwanta, ta cike kwalbati, ta cike rafi, ruwan da ya biyo baya ya rasa hanya ya shiga gidaje. Ga kuma ruwan wankin siminti. Birkiloli da leburori da ke nan sun san yadda siminti ke cin hannu da ƙafa, to haka yake yi wa kifi da shuka in aka wanke injin kwaɓa da baro aka sake shi ya bi kwata.

In aka tare kuma sai wani babi ya buɗe. Ruwan wanka da na wanke-wanke, maimakon sokawe, sai a haɗa shi da kwatar ruwan sama. Bola a bakin lambatu, ana jiran ruwa ya zo ya yi aikin motar shara. Akwai kuma wata ɗabi'a da kunya ba za ta hana ni faɗa ba, tunda iyayena ne a nan kuma gyara muka zo yi: wasu in masai ya cika, sai su jira dare mai ruwa su buɗe shi ya bi kwata, don gudun kuɗin motar kwasa. Wanda ya yi haka ya tsira da 'yan Nairorinsa, amma ya zuba wa unguwa guda cuta.

Kada kuma mu yi ta nuna masu manyan gidaje da yatsa mu manta da sauran yatsun da ke nuna mu. Su wa ke buga bulo a bakin rafi? Su wa ke wankin mota da babur? Kanikawa da masu cajin batir, da mahauta, da masu kiwon tumaki da shanu a ƙofar gida, da masu sayar da fiya wata, ai yawancinmu muna ciki, kuma da sana'o'in nan muke ci da iyali. Baƙin man da bakanike ya tsiyaye a ƙasa da rani yana nan kwance yana jiran damina. Masana sun ce lita ɗaya ta baƙin mai tana iya ɓata lita miliyan ta ruwan sha. Tsohon batir kuwa akwai dalma a cikinsa, ita kuma dalma in ta shiga jikin yaro ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Duk dattin da gari ya tara tun daga Nuwamba har Maris, ruwan farko na damina shi ke wanke shi a tashi ɗaya. Shi ya sa ruwan farkon nan ya fi kowane muni, kuma abin takaici shi ne wanda yara suka fi murna da shi, su tuɓe riga su faɗa.

To, ina yake zuwa? Wuri na farko rijiyoyinmu. Duk wanda ya taɓa haƙa rijiya a garin nan ya san ba a nisa ake cin karo da dutse. Ruwan rijiyarmu ruwan sama-sama ne, wanda ya taru a 'yar ƙasar da ke kan dutsen, don haka abin da ya kwanta a ƙofar gida yau, gobe yana iya zama a cikin guga. Ma'aikatan lafiya sukan ce a bar tazarar mita 30, wato ƙafa 100, tsakanin masai da rijiya. Ku duba fa, tsawon fulotin gaba ɗaya ƙafa 100 ne. Ko ka kai masanka ƙarshen gida ka kawo rijiya bakin ƙofa, masan maƙwabcinka yana jingine da katangarka. In kuma bakin rijiyar daidai yake da ƙasa, ba ma sai ruwa ya sha wahalar bi ta ƙarƙashi ba, ta sama zai shiga. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,500, mafi yawa a jihohin Arewa, kuma da damina ta fi tsanani. Taifot da ke cinye mana kuɗi a kemis kowace shekara, hanyarta ɗaya ce da ita. Inda ruwa ya kwanta a kwatar da ta toshe kuma, nan sauro ke ƙyanƙyasa.

Wuri na biyu lambu. 'Yan'uwanmu masu noman rani a bakin magudanai, irin na wajen Soje da Ƙetaren Gwari, da ruwan da gari ya sako suke ban-ruwa, don shi ne ba ya ƙafewa. Alayyafo da latas da suka fito daga can su ne a kasuwa, su ne a tukunyarmu. Ba na ganin laifin mai lambu, shi abin da ya iso gare shi yake ɗiba. Amma dai mu sani abin da muka zuba a kwata da safe yana iya dawo mana a kwanon miya.

Wani zai ce, ashe babu doka? Akwai. Tun 1992 aka yi Doka ta 86 wadda ta ce kafin a yi babban aiki sai an auna irin illar da zai yi wa muhalli. A 2007 aka kafa hukumar NESREA ta Tarayya, a 2011 kuma ta fitar da ƙa'idoji na masu gine-gine da na kare ruwan da ke saman ƙasa da na ƙarƙashinta. A jiha muna da hukumar kare muhalli, wato NISEPA, da Hukumar Raya Birane wadda ke ba da izinin gini. Amma ga inda gizo ke saƙa: a dokar 1992, rukunin gidajen da aka wajabta wa wannan awo kai tsaye shi ne wanda ya kai hekta 50. Hekta 50 kuwa ta fi fuloti 1,000. Mu abin da ke zubo mana ruwa gida 10 ne nan, gida 30 can, gidan mai a kusurwa, makaranta a bayanta, kowane shi kaɗai bai kai a kula shi ba, amma in sun haɗu sun fi hekta 50 nesa ba kusa ba. A Amurka, duk wanda zai kankare fili da ya kai eka ɗaya, wato kamar fuloti 9, sai ya karɓi izini ya kuma nuna yadda zai tsare ƙasa da dattin wurin kada ruwa ya fita da su. Ƙasar Sin kuma tun 2015 ta shiga gyara wasu biranenta su riƙa tsotse ruwa kamar soso, da tafkuna da filayen ciyawa da daɓe mai shan ruwa.

Wannan dabara ta Sin ba baƙuwa ba ce gare mu. Waɗanda suka fito daga Kano ko Zariya ko Katsina sun san kududdufi. Inda aka haƙi ƙasar gini, nan ruwan unguwa ke taruwa, ya kwanta, laka ta zauna, ƙasa ta sha a hankali. Na san kududdufi yana da nasa aibi, ga sauro ga haɗarin yara, balle in an mai da shi juji. Amma da aka bi su aka cike aka yanka fulotai a Kano, ai mutanen birni sun ga inda ruwan ya koma. Abin da ake nema shi ne a riƙe ruwa a inda ya sauka, gwargwadon iko, a kuma hana shi haɗuwa da datti kafin ya fita.

A gidanka, in kana gini ko kana da niyya, kada ka shafe tsakar gida duka. Ka bar wani sashe ƙasa, ka zuba tsakuwa ko ka dasa mangwaro ko dogon yaro. Ka sa wa kwanonka indararo ya zuba a tanki ko duro. Rufin da ya kai murabba'in mita 100 yana tara lita 120,000 a shekara, duro 600 ke nan, kana barinsa ya tafi sa'an nan ka fito da kuɗi ka sayi ruwa. Sai dai ka bar na farko ya wanke kwano ya zube, ka kuma rufe tankin saboda sauro. Abin da ya yi saura a yi masa rami a cika da duwatsu da tsakuwa ya riƙa nutsewa, nesa da harsashin gini kamar ƙafa 15, nesa kuma da masai da rijiya. Inda dutse ya yi kusa ko ƙasar taɓo ce ramin ba zai yi aiki ba, kada a wahalar da kai, a tsaya ga tanki da ciyawa. Rijiya kuwa a ɗaga bakinta ya wuce gwiwa, a yi mata daɓen siminti kewaye mai gangara waje, a sa murfi. Wannan bulo kaɗan ne da buhun siminti ɗaya ko biyu, bai kai kuɗin jinyar yaro ɗaya ba. Masai kuma a kwashe shi yanzu, tun ƙasa tana bushe.

Masu sana'a, naku ya fi sauƙi. Bakanike ya ajiye duro ya riƙa tara baƙin mai, akwai masu saye. Mai wankin mota ya yi rami mai ɗaki biyu ko uku, yashi ya kwanta a na farko, mai ya taso sama a kwashe, sa'an nan ruwan ya wuce. Mai dabbobi ya tara kashinsu a inda ruwa ba ya bi, masu lambu suna nema. Mai bulo ya kewaye yashinsa da layi ɗaya na bulon da ya fashe. Mu kuma ranar aikin gayya, in mun yashe kwata kada mu jibge abin da muka fitar a bakinta mu tafi muna cewa mun yi aiki, ruwan dare ɗaya zai mai da shi inda ya fito. A nemi baro ko a yi karo-karo a kira mota. Bakin rafi kuma a dasa jema ko gamba, saiwarsu tana riƙe ƙasa, ganyensu yana tace laka.

Akwai maganar da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Filin bakin rafi yana da araha, kuma mu baƙi da 'yan haya da muke ƙoƙarin mu mallaki namu, mu aka fi kai wa tallarsa. Arahar tana da dalili. Wurin nan hanyar ruwa ce, shi ne kuma ɗan abin da ya rage mai tace ruwa kafin ya faɗa rafi. Wanda ya cike shi da bola da ɓaraguzai ya ɗora ɗaki, ya cuci kansa, ya kuma ture ruwan zuwa gidan na ƙetare. In dillali ya kai ka fili da rani, ka nemi tsohon da ya daɗe a wurin ka tambaye shi inda ruwa ke kaiwa a watan Satumba.

Game da masu manyan gine-gine a samanmu kuwa, lokacin magana shi ne ranar da aka ga an kafa turaku an fara awo, tun ran gini ran zane. In an riga an zuba kankare an juyo da bakin kwata wajenmu, sai dai rigima. Bahaushe in yana so ka fita harkarsa yakan ce ina ruwanka. To mu tambayar za mu yi wa mai gini da gaske, cikin ladabi: Alhaji, ina ruwanka, ina za shi? Ya nuna mana a takardar fulan inda zai fita, da abin da ya tanada na riƙe shi, da inda ruwan ban-ɗakinsa zai shiga. Wanda zai gina gida 30 ba zai gagara ware fuloti ɗaya a gangaren filinsa ya zama matarar ruwa mai shinge ba. In ya ƙi saurare, sai a rubuta wa Hukumar Raya Birane da NISEPA, a ajiye kwafi mai hatimi. Shawarata kuma kada takardar ta fita da sunan Hausawa kaɗai. A bi ta hannun mai unguwa da hakimi, a sa hannun maƙwabtanmu Gwarawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo, tunda rijiyoyinsu da namu ruwa ɗaya suke sha, kuma kada a ba wani damar ya mai da maganar kwata maganar ƙabila. Haka nan mutanen Kpakungu da na ƙasa da su suna da ikon su zo su yi mana irin wannan tambaya, don abin da ya bar Fadikpe wajensu ya nufa.

Abin da nake roƙon taron nan ya amince da shi yau ɗaya ne. A zaɓi mutum biyar ko shida, a sa birkila ɗaya da ma'aikacin lafiya ɗaya a ciki, da mace aƙalla ɗaya. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, da ya tsagaita su fita da littafi da waya mai ɗaukar hoto, su fara daga bakin rafi su bi ruwan suna hawa har inda ya fito. Su rubuta kowane kwalbati da ya toshe, kowane fili da ke zubo jar ƙasa, kowane bututu da ke fitar da baƙin ruwa, da kowace rijiya da ruwa ya kai bakinta, ko ta wane ne. Su kawo mana a taro na gaba, da shi za mu san ƙofar da za mu fara ƙwanƙwasawa.

Shugaban taro ya yi mini alama cewa lokaci ya yi. Masu tambaya, ina roƙon a fara da iyayenmu mata, su ne ke jan guga, sun fi mu sanin rijiyar da ruwanta ke sauya launi in an yi ruwa.